Baƙin Man da Muka Hana Yaya Gwadawa

A ƙauyenmu, can tsakanin Bagwai da Bici, ba wanda bai iya gwada baƙin mai ba, ko in ce ba wanda bai ɗauka ya iya ba. Mai babur, mai keke, har wanda bai mallaki ko allura ba, da an buɗe galan sai ya tsoma manuniya, ya haɗa da babban yatsa, ya murza, ya ware su a hankali yana kallo. In man ya ja zare, ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan mai ne." In bai ja ba, ya ce ruwa ne. Gwajin ke nan gaba ɗayansa. Mutum ɗaya ne bai yarda da yatsa ba, shi ne yayana, kuma an daɗe ana yi masa dariya a kan haka. Ni na fi kowa yi.

Injin niƙa ne da mu. Baba ya saye shi tun gyaɗa tana gyaɗa, ya kafa shi a wata rumfar kwano a bakin hanya, gindin tsamiya. Ƙasarmu ba ta da daji. Gona na jingine da gona, gida na hango gida, abin da kakanmu ya noma shi kaɗai an raba an sake rabawa, har kowa ya tashi da ɗan fegin da ba zai ciyar da shi shekara ba. Saboda haka da an gama kaka maza suke ɗinke jaka su tafi ci-rani. Kafin a sayi injin Yaya ya je kudu sau biyu, ya yi dako, ya yi ga-ruwa, ya dawo da tarin da ya kusa kai shi ƙasa. Ranar da aka tayar da injin ya ce shi da kudu sai dai a labari. Injin nan ne ya zaunar da shi a gida kusa da matarsa da 'ya'yansa, kuma kowa a gidanmu ya san duk ranar da injin ya mutu, jakar Yaya za ta fito.

Ya girme ni da shekara goma. Dogo ne, ba ya son magana, kuma ƙarar inji ta cinye masa kunnen hagu, sai ka zagayo ta dama ka ɗaga murya. Karatun allo ya yi, ya sauke. Ni ne aka kai boko, na yi makarantar horon malamai a Bici, na dawo ina koyarwa a firamare, da kekena da biro biyu a aljihun gaba. Zuciyata kuwa a kusa take. Inna takan ce tun ina goye na fi tukunyar ƙarfe saurin tafasa, kuma wallahi ba ta yi mini ƙage ba. Yaya shi ya fara kirana Malam, da tsokana, har sunan ya bi ni.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda duk wanda ya gan su ba ya son a tuna masa. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, damina biyu a jere. Kaya suka ɓace daga kantuna, sabulu ma sai an bi layi, a bi layin kuma a dawo hannu rabbana. Albashina ba ya kai mu goma ga wata, ga mu mutum ashirin da wani abu a tukunya ɗaya. Abin da ya riƙe mu injin ne, domin ko a shekarar yunwa sai an yi niƙa. Wanda ba shi da gero ya kawo busasshen rogo, wadda ba ta da ko sisi ta bar ɗan gari a ƙwarya, da shi ake tuƙa tuwon dare.

Baƙin mai na gaske, na cikin gwangwani mai hatimi, ya yi ɓatan dabo. Sai na duro, ana auna shi da kwalba a bakin tasha. Masu haɗa shi, Allah ya isa, tsohon man da aka juye daga motoci suke tarawa, su tace, su narka wani abu a ciki. Wasu sun ce roba ce, wasu sun ce ƙaro, Allah masani. Sun san da yatsa muke saye, sai suka yi wa yatsa mai. Ka tsoma ka ji shi da kauri, yana jan zare, amma da ya shiga inji ya sha murza na 'yan kwanaki sai ya tsinke, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Injuna nawa suka buga a yankinmu a shekarun nan, ban iya ƙirgawa ba.

Yaya ya ce a wajen Inna ya samo dabarar. Wata rana ya ji tana yi wa matarsa faɗa a kan miyar kuɓewa, wai ta cika burga ta har yauƙin ya tsinke. Ya tsaya da kwano a hannu, ya ce ashe haka mai yake yi. Daga nan ya samo tsohon famfon gas na wani mataccen inji, da bututunsa, da ɗan bakin nan da ake kira nozul, wanda hudarsa ba ta kai ta allura ba. Ya kafe su a kan kututturen giginya, ya ja musu ɗan bel daga jikin injinmu. Duk man da aka kawo masa sai ya ɗebi kofi biyu. Ɗaya ya ajiye a kwalba, ɗaya ya zuba wa famfon. Man ya bi bututu, a matse shi ta hudar nan, ya feso cikin kwano, ya sake komawa. Haka zai yi ta zagaye yana shan matsa tun hantsi har la'asar, Yaya na can yana niƙansa.

Da la'asar sai ya ɗauko kwalabe biyu, ɗanye da bugagge, ya rataya su cikin duron ruwan da ke sanyaya injin, don su ɗauki zafi iri ɗaya. Yana da wani gwangwanin madara da ya huda gindinsa da ƙusa. Ya toshe hudar da yatsa, ya cika shi da ɗanyen, ya saki, ya kama jan carbi, kowace ƙwaya Subhanallah ɗaya, ba sauri ba nawa, har zaren man ya yanke. Ya goge gwangwanin, ya yi wa bugaggen haka. Mai na kirki, in ɗanyensa ya ci tamanin, bugaggen zai ci saba'in da ɗoriya. Yakan ce wannan ragi na halak ne, kowa ya yi aiki sai ya rame. Amma wanda ya faɗo daga tamanin zuwa arba'in, ko kyauta ne ba zai shiga injin Baba ba, sai dai a shafa wa ƙafar amalanke.

Ni kuwa na sa wa kututturen nan suna jami'a. In na dawo daga makaranta sai in jingina keke in zagayo ta damansa in ce, "Yaya, ladan tasbihin nan na waye, naka ko na man?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, mai a galan baƙo ne, kowane baƙo da kyan hali ranar da ya sauka. Sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe za ka san gidan da ya fito." In yi dariya in wuce. A raina cewa nake wannan ɓata lokaci ne na wanda bai je makaranta ba, alhali injuna na ta mutuwa kewaye da mu, namu yana tsaye.

A ranin shekara ta biyu mai ya gagari Yaya samsam. Kwalba uku aka kawo masa daga wurare uku, duk suka faɗi a jami'a. Lokacin juye man injin ya yi ya wuce, sai tsohon man yake tacewa da tsumma yana mayarwa, yana rage wa injin aiki. Maganar ta shiga cikin gida, daga cikin gida ta kai Bici, kunnen surukina.

Surukina, mahaifin matata, ɗan kasuwa ne, Alhaji, dattijon arziki. Ina so a riƙe wannan tun yanzu: bai cuce mu ba, shi aka cuta. Da ya ji halin da ake ciki, takanas ya shiga birni ya yi ta nema har ya samo galan guda, sabo fil, da rubutun Turanci a jiki da hoton mota. Ya ɗaure shi a bayan babur ya kawo da kansa. Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane girman wannan ba. Mutum ba ya taka gidan da 'yarsa ke aure haka kawai, sai rasuwa ko wata babbar lalura. Aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma a zaure, ni ina can waje a tsugune, kaina a ƙasa. Baba ya buɗe galan ya tsoma yatsa, ya ware, zare ya biyo shi kusan taƙi guda. Ya ce, "Ma sha Allah, kamar zuma." Maƙwabta suka matso kowa ya tsoma, kowa ya yaba. Alhaji sai murna yake yi, yana cewa ai ba komai, yi wa kai ne. Aka raka shi har bakin hanya ana ta sa albarka.

Washegari da hantsi Yaya ya ɗebi kofi biyu. Bai yi shawara da kowa ba, don a wajensa ba abin shawara ba ne, haka yake yi wa kowane mai. Masu kawo niƙa suka ga sabon galan a buɗe, suka ga famfon yana feshi, kafin rana ta take maganar ta zagaye gari, ta shigo gidanmu ta ƙofar mata.

Na dawo daga makaranta bayan azahar. Matata ta ajiye mini abinci ba ta dube ni ba. Na ce lafiya? Ta ce, "Malam, ashe Babana ma sai an gwada shi?" Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta juya ta shige ɗaki, na ji tana jan hanci.

Kai, ban san sa'ad da na isa rumfar ba. Injin na ruri, Yaya na zuba dawa, famfonsa na can gefe yana fesa man surukina a gaban mata da 'yan mata. Na zagayo ta damansa na daka tsawa na ce, "Yaya, me ke nan?"

Ya dube ni ya dubi kwanon, ya ce, "Gwaji ne, Malam."

Na ce, "Gwajin wa? Alhajin ne macuci ko mu ne marasa kunya? Mutum ya taso tun daga Bici da girmansa ya kawo mana, ka ɗora shi a kan kututture gari na kallo?"

Ya ce, "Ba Alhaji nake gwadawa ba. Shi ma saye ya yi. Bari ya kai la'asar."

Wannan magana gaskiya ce, kuma ko a lokacin na san gaskiya ce, shi ya sa ta ƙara tunzura ni. Na ɗauko galan na kai masa har hanci na ce, "Karanta! Ko harafi ɗaya ka iya karantawa a jikin nan? Waɗanda suka yi shi ba su kai ka sani ba, sai kai da gwangwanin madara?" Ya sake cewa, a hankali, "La'asar kawai, Malam." Sai na sa ƙafa na yi fatali da kwanon, man ya tarwatse a ƙasa, na fizge bel ɗin na jefar. Sannan na faɗi abin da har gobe in na tuna sai na ji kamar in nutse. Na ce, "Kunnenka ya mutu, yanzu kunyarka ma ta bi shi." Wana, uwa ɗaya uba ɗaya, a gaban matan gari.

Yaya ya miƙa hannu ya kashe injin. Wurin ya yi tsit, har ana jin kukan kurciya a kan tsamiya. Sai ga Baba ya fito daga zaure yana dogara sanda. Ya dubi man da ke ƙasa, ya dube mu. Na ɗauka ni zai fara yi wa faɗa, kuma da ya yi ya kyauta. Amma Baba mutumin da ne, a wajensa babu abin da ya kai surukuta nauyi. Ya ce wa Yaya, "Abin suruki ba a kai shi ma'auni. Yaba kyauta tukwici. Duk garin nan sun taɓa man nan sun ga kaurinsa, ni ma na taɓa. A zuba."

Yaya ya durƙusa ya ce, "Baba, a bar ni zuwa la'asar ɗin gobe, in yi a ɓoye."

Baba ya ce, "A garin nan akwai ɓoye? Na ce a zuba."

Ya ce, "To, Baba." Ya kwance injin ya juye tsohon man, ya yi bisimilla ya zuba sabon da hannunsa. Zai iya ɗiban kofi ya gwada wata rana ba wanda ya sani, na sha tambayar kaina me ya hana shi. Amsar ɗaya ce, Yaya ba ya cikin masu ce wa uba to da baki su ce a'a da hannu. Ya naɗe bel ɗin famfon ya rataye, ya kife gwangwanin madara a kan kututture.

Kwanakin farko injin ya yi daɗi, ƙararsa ta yi laushi. Ni kuwa, don rashin ta-ido, na wuce na ce, "Yaya, jami'a ta tafi hutu?" Na lura dai ya daina nisa da injin. Da yake kunnen ba ya ji sosai, sai ya riƙa ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen yana saurare da shi. Ya zaro sandar awon mai ya duba ya mayar, jim kaɗan ya sake zarowa. Da rana ta take ya kashe, ya ce wa masu niƙa su dawo da yamma. Yana lallaɓa shi kamar mai jinya, ni kuwa na ɗauka fushi yake yi da ni.

Rana ta tara ta faɗo ana saura kwana biyu Sallah. Ƙwarya ta yi layi tun daga bakin rumfa har bayan tsamiya, mata sun taso daga ƙauyuka huɗu, ba yadda za a ce da su a dawo gobe. Ina gonar bayan gida ina sauke taki daga mangalar jaki. Ƙarar injin nan da ita muka girma, ba ma ko jin ta, sai in ta canza. Na ji ta koma ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana dukan ƙarfe da guduma, sai wani gau guda ɗaya, sannan shiru. Na bar jakin a tsaye na ruga. Na tarar da Yaya tsaye hannunsa a kan injin, hayaƙi na fita ta gefe. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," kamar an yi masa rasuwa.

Bayan Sallah aka ɗauko bakanike daga Bici. Baba na zaune a kan turmi, maƙwabta sun kewaye. Bakaniken ya kwance gindin injin, man ya zubo shar kamar ruwan shayi, da ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Wannan karon ko yatsa ya gane. Bakaniken ya murza ya ɗaga kai ya ce, "Subhanallahi, wane mara tsoron Allah ne ya sayar muku da…"

Yaya ya tari numfashinsa da ƙarfi, irin ƙarfin muryar wanda ba ya ji, ya ce, "Ba mai ba ne. Ni na bar shi ya yi zafi. Ruwan duro ya ƙafe ban duba ba, zafin ne ya tsinka man."

Bakaniken ya waiga ya dubi duron, ya dubi Yaya, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kwance-kwancensa. Ni ne na fi kowa kusa da duron. Na san abin da na gani a ciki ranar da na rugo daga gona, tun ba wanda ya taɓa komai. Ni mai baki, ni mai tsawa, wanda ba a taka ni in ƙyale, ranar ban ce komai ba. Tsoro na ji. Na ji tsoron idon matata, na ji tsoron a ce ga wanda ya zubar da kwano.

Gari kuwa ya samu abin faɗa. Wai mai carbi ya tsaya ƙirga ɗigon mai har ya manta da ruwa, ya kashe injin ubansa. A majalisa aka yi ta yi, har da masu kwaikwayon yadda yake jan carbin. Babban ƙarfen cikin injin ya lanƙwashe, Yaya ya shiga birni sau uku nemansa, babu shi babu dalilinsa. Aka lulluɓe injin da buhuna. Mata suka koma turmi da dutsen niƙa, masu ƙarfi su ɗauka a ka zuwa Bagwai. A gidanmu tuwo ya koma sau ɗaya, daga baya ya koma kunu.

Ba wanda ya ce wa Yaya ya tafi. Wata safiya muka ga jakar a ƙofar ɗakinsa. Ni na ɗauka masa a keke zuwa bakin titi. Da mota ta tsaya ya karɓi jakar ya ce, "Malam, ka riƙa leƙa rumfar, kada ruwa ya shiga. Ka kula da Baba." Maganar tana nan a kan harshena, kalma uku ce, Yaya yafe mini. Da na buɗe baki sai na ji na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya ce amin ya hau.

Ya dawo da damina, ya rame, tsohon tarin nan ya taso. Ya yi noma, aka girbe ɗan abin da aka samu, ya sake ɗinke jaka. A ranin da ya biyo baya wani mutumin Tofa da suke zaune ɗaki ɗaya a can ya yi sallama a zaurenmu da hantsi. Jakar ce a hannunsa, da carbin. Ya ce kwana shida Yaya ya yi a kwance kafin ya cika, kuma an yi masa sutura yadda ya kamata.

A zaman makoki, rana ta uku, zaure ya cika, surukina ma ya zo. Wani maƙwabcinmu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah sarki, da bai yi sakaci da injin nan ba, da yanzu yana nan cikinmu." Ba da mugunta ya faɗa ba. Na zabura na miƙe na ce, "Ƙarya kake!" Kowa ya ɗaga kai yana jiran in ƙarasa. Na duba sai muka haɗa ido da Alhaji, yana kan tabarma ɗaya da Baba, idonsa ya yi ja don kuka. Na koma na zauna. Aka ce zafin rashi ne, a yi mini uzuri.

Da aka watse bayan kwana bakwai na buɗe rumfar. Galan ɗin na nan a lungu, da sauran mai a gindinsa. Gwangwanin madara na kife yadda ya bar shi. Babu injin da zai ja famfon, sai na kwance fedar kekena na ɗaura masa, na zuba kofi ɗaya, na kama juyawa da hannu. Yini biyu na yi ina juyi, tafina ya yi bororo ya fashe, kuma na tabbata ban kai shi ko rabin bugun da injin zai yi masa daga hantsi zuwa la'asar ba. Na dafa ruwa a tukunya na tsoma kwalaben biyu. Na cika gwangwanin da ɗanyen, na saki, na ja carbin Yaya. Ya zagaye carbin duka, ƙwaya casa'in da tara, ya ƙara goma sha ɗaya. Na goge na zuba bugaggen. A talatin da huɗu zaren ya yanke. Na zauna a ƙasa da sauran carbin a hannuna na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka kawo jakar.

Daga nan na shiga cikin gida na tsaya a ƙofar ɗakin matar Yaya. Da, abokiyar wasana ce, ba na wucewa ba ta tsokane ni ba, amma tun ranar kwanon wasa ya mutu tsakaninmu. Tana cikin takaba. Na yi sallama ta amsa daga bayan labule. Na gaya mata komai, man, da kwanon, da duron, da abin da carbi ya nuna. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam, ai na sani. Tun ranar da injin ya tsaya ya gaya mini. Ya ce in na bari matarka ta ji bai yafe mini ba. Ya ce ita baƙuwa ce a gidan nan, ba ta da wurin sa kanta in aka ce man ubanta ne, shi kuma Alhaji ba zai ƙara iya shigowa garin nan ba."

Na ce, "Ni fa? Me ya ce a kaina?"

Ta ce, "Cewa ya yi, ƙanena zuciya gare shi, amma ba mugu ba ne. Da an kai la'asar ya ga ƙirgan da idonsa, da shi zai fara ɗauke galan ɗin."

Baba bai ƙara shekara ba a bayansa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, amma tun ranar da bakanike ya zo Baba ya daina zama a ƙofar da ke kallon rumfar. Surukina ya rasu yana alfahari da cewa ya taɓa taimakon surukansa a shekarar wuya. 'Ya'yan Yaya a hannuna suka tashi, suna jin ana cewa ubansu ya kashe inji da sakaci, ina ji ina haɗiyewa. Matata ta rasu bara, ba ta sani ba. Wannan kaɗai na iya riƙe wa Yaya, kuma na riƙe shi shekara da shekaru, ni da ban iya ba shi daga azahar zuwa la'asar ba.

Yanzu ba sauran wanda maganar za ta kunyata sai ni. Saboda haka duk wanda ya taɓa jin labarin a majalisa ya yi dariya, da 'ya'yan Yaya da jikokinsa, su ji daga bakina. Yayana bai manta da ruwa ba. Duron nan a cike yake har baki, ina tsaye a gefensa.